Masu Sanduna a Bayan Marka

A zuriyarmu mace ba ta gudu. Ko wuta ce ta kama madafa, sai dai ta ɗan ɗaga ƙafa tana salati, domin gudu na yara ne da ɓarayi da wanda kare ya biyo. Haka uwarmu ta koya mana, ni da yayata Habiba, kuma a kan haka muka girma. Sai ga shi 'yar Habiba ta fari, Marka, ta je ƙasar Italiya ta mai da gudu sana'a, har mutane na barin aikinsu su zo kallonta.

Ni ce Taibatu mai tuwo a bakin tashar Talatar Mafara. Duk wanda ya yi leburanci a aikin dam ɗin Bakolori ya ci tuwona, wasu ma ina jin har yau bai gama narkewa a cikinsu ba. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba, a gabana aka yi.

Lokacin da aka fara aikin dam, Habiba da mijinta Jibrin suna zaune a wani ƙauye a gefen Maradun, ƙauyen da yanzu kifi ne mai garinsa. Marka tana da shekara goma sha uku, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. Kullum da safe takan ɗora tiren ƙosai a ka ta nufi kwatas ɗin Turawan kamfani, tafiyar da ƙato ke yi yana hutawa a gindin tsamiya, ita kuwa sai ta isa ƙosan bai huce ba. Kar a yi mata ƙazafi, ba gudu take yi ba a lokacin. Tafiya ce kawai irin ta wadda ta bar tukunya a kan wuta.

A kwatas ɗin akwai wani injiniya da muke kira Mai Lofe, don ba wanda ya taɓa ganin bakinsa babu lofe. Matarsa kuma muna ce mata Madam Sanda-Biyu. Mace ce lafiyayya, ba gurguwa ba, ba makauniya ba, amma kullum da sassafe sai ta fito da sanda a kowane hannu tana dogarawa tana sauri a kan hanyar manyan motoci, gumi na zuba. Mun daɗe muna yi mata addu'ar samun sauƙi. Daga baya Bello tafinta ya gaya mana wai a ƙasarsu gwana ce a wani tsere da ake yi a kan dusar ƙanƙara: a ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, a riƙa turawa da sanduna ana zamewa, a hau tudu a gangara kwari, nisan da ya kai daga Mafara zuwa Bakura. Muka ce to, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ya haɗa ta da Marka shi ne kullum yarinyar sai ta cim mata a hanya, da tire a ka, ta gaishe ta da ladabi, ta yi gaba. Madam ta ƙara sauri, bai hana ba. Da ta tashi komawa ƙasarsu da 'yan tagwayenta, sai ta roƙi Jibrin ya ba ta Marka ta taya ta reno, ita kuma ta sa ta makaranta. A lokacin an riga an bi gidajen ƙauyen an shafa musu jan fenti, alamar ruwa zai ci su, ba wanda ya san inda zai yi shuka baɗi. Jibrin ya ce a tafi da ita shekara biyu. 'Yar fari ce Marka, a wajenmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko magana za ta yi masa sai ta bi ta bakin wani. Habiba dai ta wuni tana soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulle shi a tsumma ta ba ni in ba yarinyar, ta ce wai na sayarwa ne ya yi kwantai.

Shekara biyu ta zama takwas. A cikinsu ruwa ya ci ƙauyen, aka watse, Habiba da Jibrin suka koma Dakko ta ƙasar Bakura wajen dangin uwarmu. Sai kuma shekarar da manoma suka tare hanyar dam suna neman haƙƙin gonakinsu, aka turo musu masu kaki. Ranar Habiba ta kai wa Jibrin fura a inda suke zaune. Ranar ce kaɗai a rayuwarta ta karya dokar uwarmu, ta yi gudu, ita da shi, cikin gonakin da aka baje, ana bin su da kulake. Ita ta kai bakin gulbi. Shi ya yi tuntuɓe, aka cim masa. Ba ta taɓa ba ni labarin abin da ta gani da ta waiwaya ba, ni ma ban tambaya ba. Mun dai yi zaman makoki a Dakko.

Mai Lofe bai bi matarsa ba, ya tsaya aikin kanal-kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin shinkafa, sai dai ya je hutu ya dawo. Ta bakinsa muke jin labarin Marka. Habiba ba za ta tambaya ba, sai dai in ta zo cin kasuwar Talata ta zauna a rumfata ta ce, “Taibatu, in kin ga mutumen ga mai hayaƙi, ki tambaye shi ko ana ruwa can garinsu.”

Ni kuwa in tambaya, shi kuma ya ɓarke da bayani, Bello na fassarawa. Wai Madam ta ɗaura wa Marka katakan nan, sanyin farko ta fi daɗewa a ƙasa a kan a tsaye. Na biyu ta cinye 'yan matan ƙauyen Madam. Daga nan aka kai ta gasar lardi, daga lardi sai ta ƙasa baki ɗaya, Madam na horar da ita. Wai a gangare ana iya barin ta a baya, don har yau ba ta yarda da gangare ba, amma da an zo hawan tudu sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar gyaɗa. Ni duk wannan bai shiga kaina ba. In na koma wajen Habiba sai in ce, “Ana ruwa, Yaya, kuma karatu na tahiya daidai.” Ita kuma ta kai wa matan Dakko cewa yarinyar na karatu a Turai, har wasu suka fara ajiye mata ciwon bayansu sai ta dawo ta duba.

Wata Talata cikin bazara Mai Lofe ya zo rumfata da kansa, fuska kamar an yi masa haihuwa. Ya dawo daga hutu da majigi. Marka ta ci babban tseren ƙasarsu, an ɗauka, yana so uwarta ta gani da idonta. Ya aika motar kamfani har Dakko. Da yake motar kyauta ce, rabin Dakko ya zama dangin Habiba a ranar. Malam Abdulmumini limamin unguwa ya hau gaba, Larai mai daddawa kuma, wadda bakinta ya fi daddawarta kai wa nesa, ta zauna a kan tayar safaya.

A wani sito aka tara mu da rana tsaka, aka toshe tagogi da takardun buhun siminti. Aka ba Habiba kujera mai hannu a gaba, na zauna a gefenta. Mai Lofe saboda ɗoki ya sa aka tsallake farkon majigin, wai ba daɗi, mutane ne kawai a jere suna jiran a ce su tashi. Da ya bar mu mun ga wannan jerin, da ba a yi abin da aka yi ba.

Bango ya yi fari fat, ƙasa fara, itatuwa farare.

“Wanga takin zamani na anka zubar haka?” in ji Larai.

“Auduga ta,” in ji Malam Abdulmumini, da muryar wanda ba a yi wa musu.

Sai ga mutum ɗaya ya ɓullo daga cikin itatuwa, baƙi a cikin farin nan, da wasu kaya da suka ɗame jiki kamar shafa su aka yi. Aka matso da fuskar. Marka ce. Ta zama mace, amma goshin na Jibrin ne, ba mai musu. A ƙirjinta an manna ƙyalle da lamba.

“Lamba ta ga ƙirjinta,” in ji Larai, “awa ta 'yan gidan kaso.”

Kafin a ce mata ta yi shiru, sai ga su sun fito daga cikin itatuwan. Turawa mata, sun fi ashirin, kowace da sanda biyu, baki buɗe, ido jajir, duk sun miƙo wuya sun nufo bayan Marka. A gefen hanya dama da hagu jama'a ce maƙil, suna ihu, suna kaɗa ƙararrawa, wasu ƙarti har suna bin ta a guje suna nuna ta da hannu. Marka ta waiwaya sau ɗaya, ta duƙar da kai ta ƙara wuta. A nan na ji hannun Habiba a kan gwiwata. Shatin yatsunta ya kwana biyu a wurin.

Aka hau tudu, aka gangara, suna biye da ita. Can ta kai wani wuri da aka ja layi, ta tsallake, ta kife a ƙasa rub da ciki, haƙarƙari na sama da ƙasa. Maza uku suka rugo suka ɗaga ta, suka lulluɓe ta da bargo, suka riƙe ta ta kowane gefe suka yi gaba da ita. Da aka sake nuno ta, an ɗora ta a kan wani akwati a gaban dubban mutane. Wani tsoho mai sanƙo ya zo ya rataya mata igiya a wuya, da wani abu zagayayye mai ƙyalli yana reto a jiki. Aka sa kiɗa. Marka na tsaye tana kuka.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mafara ya san wannan. In an kama ɓarawo, akan ɗora shi a kan turmi, a rataya masa abin da ya sata a wuya, kaza ce ko takalmi, kowa ya zo ya ga fuskarsa.

Aka yaye takardun taga. Mai Lofe na tsaye yana tafi shi kaɗai, har da ƙwalla.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” in ji Malam Abdulmumini.

“Ku diba, har tahi shika yi,” in ji Larai.

Bello tafinta ya ga inda aka dosa, ya hau bayani, wasa ne, tsere ne, ita ce ta ɗaya, abin wuyan nan kyauta ce ta girmamawa. Larai ta ce masa shi ai abincinsu yake ci, dole ya gyara musu zance. Wani ya ce in wasa ne me ya kawo sanduna. Bello ya ce ai ita ma tana da sanduna. Aka ce to da, ta tsaya a kashe ta hannu sake?

Habiba ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta kalli kowa ba sai ni.

“Taibatu, ce ma tahinta shi ce ma ubangidanai, ɗiyam mutane da yad ɗauka shi maido ta. In damina tah hwaɗi ba ta tako Dakko ba, ni ɗaga mata nono.”

Uwa in ta ɗaga wa ɗa nono ta tsine masa ke nan, tsinuwar da ba malamin da ke warware ta. Bello ya yi ta inda-inda kafin ya samo Turancin abin. Da ya samo, na ga lofen ya karkace a bakin mai shi.

Kafin sati ya zagayo, daga Dakko har Bakura an san Habiba ta haifi ɓarauniyar da Turawa ashirin suka kasa kamawa sai da ta gaji don kanta. Wasu ma da alfahari suke faɗa. Amma a gidan suna, in Habiba ta shigo, sai ka ga mata na jawo takalmansu kusa. Masu ciwon baya suka koma wajen wanzami.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba motar kamfani ta tsaya a ƙofar gida. Ina nan, don na rufe rumfa na tare a Dakko, ba zan bari a ba ni labari ba. Marka ta sauko da wata doguwar jaka kamar an naɗe tabarmar masallaci. Ba ta da tsoka ko ta miya, amma da na rungume ta sai na ji kamar na rungumi turken doki. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin uwarta. Hausarta ta tsaya a inda ta bar ta, ta 'yar shekara goma sha uku, har da tsatsa.

“Inna, kun wuni lahiya?”

Habiba na tsince shinkafa a faifai. Ta ce wa faifan, “Lahiya lau.”

“Ina gajiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa haƙuri, Inna?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Taibatu, a ba baƙuwa ruwa.”

Shinkafa na zuba daga faifan, amma ba ta ɗago ba. Na ji tausayinsu su biyun, na kuma ji haushinsu.

Marka ta yi kuskuren da ya fi kowane. Ta buɗe jaka ta fito da abin wuyan nan, ta ajiye a gaban uwarta da hannu biyu. Habiba ta ja ƙafarta baya.

“Har gida tat taho da shi. Taibatu, ce mata ta maida ma mai shi.”

“Nawa na, Inna. Ni nic ci shi.”

“Ce mata mun ga yadda tac ci shi.”

Da yamma Marka ta same ni a bayan rumbu ta yi mini bayani. In sanyi ya dawo akwai gasar da ƙasashe ke haɗuwa, wadda ba a yin ta kullum, an kuma sa sunanta cikin waɗanda za su shiga. Shekara takwas ɗin nan duk don wannan ta yi su. In ta wuce, kafin wata ta zagayo ƙafa ta fara tsufa. Amma ta ce ba za ta hau jirgi ba sai Inna ta ce ta tafi, ko da kuwa za ta ƙare rayuwarta tana soya ƙosai a Dakko. Na dube ta na ga da gaske take. Na ce ta bar ni da yayata. Na yi kwana da kwanaki ina yi wa Habiba magana, kamar ina yi wa rumbun.

Ita kuwa Marka jikinta ya saba, ba ya zama. Wata safiya ta buɗe doguwar jakar ta fito da wasu gajerun katakai masu ƙananan tayoyi, waɗanda suke motsa jiki da su in babu ƙanƙara. Ta sa wando, ta ɗaura zane a kai don kunya, ta ɗauki sandunanta ta nufi hanyar bakin kanal, wadda kamfani ya daɓe sumul don motocinsa. Ni da Habiba ba mu sani ba. Mun fita kai fura gona, mun kai kan 'yar gadar da ta tsallake kanal ɗin, sai muka ji hayaniya daga yamma.

Akwai abin da Marka ba ta sani ba game da mutanenmu. Tun shekarar masu kaki, in ka ga mutum na gudu ba ka tsayawa tambaya. Gudu kake yi, in kun kai inda za ku sai ka tambaya. Manoman da ke dashen shinkafa suka ɗago kai suka ga mace baliga ta wuce fuu kamar an harbo ta, tana caccakar ƙasa da sanduna. Na farko ya yar da dashe ya hau hanya. Na kusa da shi ya bi shi. Kafin ta kai gadarmu, bayanta ya cika da mutanen Dakko, wasu da fartanya a hannu don ba su tuna sun ajiye ba, wasu da sandar kiwo, mata da goyo, duk baki buɗe. Majigin nan ne sak, sai dai wannan ƙasar ja ce.

Marka ta wuce mu, iskarta ta ɗaga mini mayafi. Na juya in yi wa Habiba magana, sai na ga ba ta gefena. Ta ajiye ƙwaryar fura, ta shiga tsakiyar hanya, ta juya wa 'yarta baya, ta fuskanci taron, ta buɗe hannuwa. Tsohuwa ce ƙarama, ko buhun gero ya fi ta nauyi. Ta rufe ido.

Taron ya iso ta, ya rabe biyu, ya wuce. Wasu har da gaisuwa.

“Kwal lahiya, Habiba. Taho mu tahi.”

“Habiba, ba a tsayi, ba a tsayi.”

Larai ta wuce ta da takalmi ɗaya. Na ƙarshe shi ne Malam Abdulmumini, ya tattare riga a hammata, rawani ya warware yana jan ƙasa. Ya tsaya a gabanta ya dafa gwiwa yana haki.

“Habiba, mi yah hwaru?”

Ta buɗe ido. “Ku za a tambaya, Malam. Mi tay yi muku kuka koran ta?”

“Kora? Wa muka kora? Mun dai ga ana gudu.”

Can gaba Marka ta kai ƙarshen daɓen, ta juyo. Da masu gudu suka ga ta nufo su, sai suka juya su ma, yanzu ita ce a bayansu da sanduna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana wucewa tana ba su haƙuri. Ranar an yi asarar dashe da takalma, kuma liman bai yi wa kowa wa'azi a kan natsuwa ba har aka yi girbi.

Habiba ta ɗauki ƙwaryarta, muka kai fura, muka dawo. Sai bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce in kira baƙuwa. Suka zauna, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, ni a tsakiya kamar Bello.

“Taibatu, tambaye ta. Waɗanga masu sanduna na cikin majigi, sun taɓa cim mata?”

Ban ma buɗe baki ba Marka ta ce, “Sau da yawa, Inna.”

Habiba ta ce, “In sunka cim mata, mi su kan yi mata?”

“Su wuce.”

“Su wuce ina?”

“Gaba, Inna. Gaba suka so. Ni dai ina kan hanyassu.”

“Ba su taɓa ta?”

“Ko kallona ba su yi.”

“In tah hwaɗi hwa?”

“Su kauce, kar su taka ni. Wata ma in ta wuce ta kan ce in tashi.”

Habiba ta daɗe tana kallon bakin tabarma. Kaji suka zo suka wuce. Can ta ce, ba da ni ba, ba da Marka ba, “Ashe akwai ƙasad da a kan cim ma mutum a wuce shi.”

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da abin wuyan nan, wanda na ɗauka ta jefa a masai, ashe yana ƙarƙashin tasoshinta. Ta ajiye shi a gabana.

“Ce mata ta koma. Amma in ta kai inda za ta, ta bar kihewa ƙasa gaban maza, ta tsaya bisa ƙahwahunta. Kuma a samo mata riga mai yalwa. Allah shi yi mata albarka.”

Marka ta kife a kan tabarmar tana kuka, wato sharaɗin farko ko minti bai yi ba.

Ta koma. Bayan wannan ta yi shekaru tana tsere, ta ci wasu, wasu suka ci ta, har gwiwa ta ce ta gaji, ta koma koya wa 'yan mata hawan tudu. Amma a Dakko ba a tuna waɗanda ta ci. Wanda ake tunawa shi ne na gasar ƙasashen nan.

Sanyi na ƙarewa Mai Lofe ya zo Dakko da Bello. Da na ga bakinsa babu lofe, na san ba lafiya ba. Ya zauna a kan turmi kamar mai gaisuwar mutuwa. Bello ya ce Marka ce a gaba tun daga farko har tudun ƙarshe, ƙasashe duk suna bayanta, sai ƙafa ta ƙi. Mata takwas suka shige ta a ɗan abin da ya rage. Ba akwati, ba abin wuya, ba kiɗa. Madam ma wai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Habiba ta ce, “Taibatu, tambaye shi. Dut takwas ɗin sun cim mata?”

“Sun cim mata,” in ji Bello.

“Sunka wuce?”

“Sunka wuce.”

“Tana tsaye?”

“Wai da ƙahwahunta tat tsallake layi, ba ta hwaɗi ba.”

Habiba ta ce alhamdu lillahi. Ta tashi ta jiƙa wake kwano guda, ta aika a kira mata masu surfe. Kafin la'asar ana rabon ƙosai sadaka gida-gida, na Larai ma da yaji a gefe. Mai Lofe na zaune da kwano a cinya yana ci yana kallon Bello, Bello ya ce masa shi ma wannan ta fi ƙarfin fassararsa.

Ina tsugune ina gyara mata wuta, tana juya ƙosai a cikin mai. Ba ta kalle ni ba.

“Taibatu,” ta ce, “da can ƙasassu ubanta yay yi tuntuɓenai, da yanzu shina nan shina cin ƙosai.”

Na ƙara mata itace.